Najafa Ba Ta Son Mutum Ɗaya

Ku samarin yanzu in kun shigo warsha, wato wurin aikinmu, kuka same ni zaune a ƙasa da robar ruwan ɗumi ina goge kiristal, sai ku ɗauka aikin ke nan, wankin gilashi. Wani a cikinku har cewa ya yi, da Larabci don Hausar ta fi ƙarfin bakinsa, wai a ba shi tsani da tsumma zai gama zauren biki shi kaɗai kafin azahar. Ban yi masa faɗa ba. Na dai ce muddin ina numfashi a warshar nan babu mai hawa saƙala, dandamalin ƙarfen nan da muke tsayawa a kai, shi kaɗai. Tunda kun ɗauka rigimar tsufa ce, bari in ba ku dalilin daga tushe. Akwai mutumin da wannan dokar ta ci ransa ranar da aka karya ta, sunansa Issufu, kuma za mu zo kansa.

Najafa, ga wanda bai sani ba, ita ce babbar fitilar nan mai hawa-hawa da ake ratayawa a tsakiyar zauren biki ko masallaci ko falon attajiri. In ka ɗaga kai daga ƙasa sai ka rantse ba ta da nauyi. Na yi aiki a kan wadda ta kusa ƙaramar mota nauyi, kuma duk nauyin a jikin ƙugiya guda yake, wadda aka binne cikin silin, ba mai ganinta.

Wanda ya koya mini sunansa Mu'allim Girgis, mutumin kudancin Masar, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon yanka. Ni kuwa haifaffen Jidda ne, a unguwar Mahjar na tashi, kakana ne ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba. Mahaifina ya kai ni wurin Girgis a unguwar Khumra tun gemu bai fito mini ba, ya ce masa ga shi nan, ko ya koya ko ka koro shi.

Na daɗe ban taka tsani ba. Aikina in shimfiɗa bargo a ƙarƙashin najafa, in karɓi ƙwayoyin kiristal da ake miƙo mini, in jera su yadda suka sauko, na hawan sama dabam, na hawan ƙasa dabam. Ruwan ɗumi da ɗan khal, wato biniga, ake wanke su da shi, ban da sabulu, don sabulu yana barin su dishi-dishi. Farar safar hannu ta auduga. Ƙaramar filaya mai siririn baki ta lanƙwasa ƙusoshin tagulla da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya. A Jidda ƙusoshin nan ne masu cin amana: damshin teku yana cinye su a hankali, ka ga ƙusa tana sheƙi, ka taɓa ta ta karye kamar busasshiyar taliya. A kashe wuta tun daga babban akwati, a bar ƙwan fitila ya huce. Kuma ba a juya najafa. In kana son ɗaya gefen, kai za ka zagaya, don mai juya ta kwance ta yake yi daga wuya bai sani ba.

Hawana na farko a gidan wani ɗan kasuwa ne a arewacin gari. Girgis yana gefe guda na saƙala, ina ɗaya gefen, najafa a tsakaninmu. In ya rataya ƙwaya sai ya ce "wahid", ni kuma in rataya abokiyarta daidai saitinta a nawa ɓangaren in ce "wahid". Haka ake yi wajen cirewa, haka ake yi wajen mayarwa. Da ya tsaya gyaran wata ƙusa na ga jiran ya yi yawa, sai na ce, "Ya mu'allim, me zai hana in gama nawa gefen kafin ka shirya?"

Ya ce, "Jarraba."

Na rataya kaɗan a jere. Sai zoben ƙarfen da ƙwayoyin ke rataye a jikinsa ya sunkuyo wajena a hankali, ƙwayoyin suka shiga karo da juna, gefensa ya ɗaga sama. Hannuna ya tafi da kansa zai tare ta.

"Kada ka kama ta!" ya daka mini tsawa. "In ta karkace ka ja baya. Mai kama ta, tare suke sauka."

Da rana muna cin ful da tamis a inuwar mota, ya waiga dama da hagu, ya rage murya, don a wancan lokacin ba a maganar addini a fili, balle mutum irinsa. Ya ce, "Ya Hamza, a ƙasarmu an yi wasu mutane tun kafin Musulunci, ana ce musu Gunusiyya, wato masu cewa su ne suka sani. Kawuna malamin coci ne, shi ya ba mu labarinsu don mu guje su. Ni kuma da na fara aikin najafa sai na ga ashe ita suke siffantawa."

Ya tsinci tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce a wurinsu can ƙoli akwai Ɗaya, ba shi da suna, ba mai ganinsa, ba mai iya faɗin yadda yake, kamar ƙugiyar nan da ke cikin silin. Bai ƙera komai da hannu ba. Cika ya yi ya tumbatsa, haske ya kwararo daga gare shi. Hasken nan ya fito biyu-biyu, namiji da mace, kowane biyu suka fitar da wasu biyun a ƙarƙashinsu, hawa bayan hawa, kowane hawa ya fi na samansa nisa da asali. Sun ba su sunaye irin su Shiru, Hankali, Gaskiya, Rai. Dukansu in an haɗa su ake kira Cika, don babu gurbin da ya rage, kowa yana da abokin da ke saitinsa.

"Ta ƙarshe a hawan ƙasa sunanta Hikima," in ji shi. "Ita ce ta gaji da jira, kamar wani da na sani. Ta so ta fitar da wani abu ita kaɗai ba tare da abokinta ba. Abin da ya fito karkatacce ne, mummuna, ya faɗo wajen Cika. Ya buɗe ido cikin duhu bai ga kowa ba, sai ya ce babu wani a samana. Wai shi ne ya ƙera duniyar nan, shi ya sa take a karkace. Ɓurɓushin hasken da ya zubo tare da shi kuwa yana cikin mutane, an kulle shi cikin nama da ƙashi. Sai an tsince shi ɗaya bayan ɗaya an mayar da shi gida sannan Cika za ta sake cika."

Na ajiye tamis ɗin na yi ta'awwizi. Na ce, "Ya mu'allim, wannan ai shirka ce tsagwaronta. Allah ɗaya ne, Shi ya halicci sama da ƙasa, ba Shi da abokin tarayya."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mu ma mun kafirta su tun kafin ku zo, ya ibni. Ban ce ka yarda ba. Cewa na yi kada ka ƙara rataya ɗaya ita kaɗai."

Ban taɓa yarda da labarin nan ba, har gobe. Amma ya manne mini a ka. Duk najafar da na hau bayan nan, hawan ƙasa Hikima muke kiransa, ni da shi, ba wanda ya san abin da muke nufi.

Da gwiwoyin Girgis suka fara ƙin hawa, sai ya nemo mini abokin saƙala. Shi ne Issufu, mutumin Damagaram, dogo siriri, ya zo umara ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Yana da mata da 'ya'ya a gida, yana tura musu abin da ya samu. Ni yana ce mini Balaraben ƙarya, don ina cusa "yani" da "halas" a kowace magana. Ni kuma ina tsokanarsa da "bon" ɗinsa, don ba ya fara magana sai ya ce "bon". Shekaru masu yawa muka yi muna fuskantar juna ta cikin kiristal. Har ta kai ba ma cewa "wahid", numfashinsa kawai nake ji in san ya rataya.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai uwar amarya da za ta tsaya a ƙasa tana nuna ƙwaya guda da ɗan yatsa wai ba ta sheƙi, ka sauko da ita ka ga ƙuda ne ya yi mata kashi. Akwai limamin da zai kawo muku shayi da hannunsa ya zauna yana yi muku addu'a har ku sauko. Akwai mai zauren biki da bai san akwai najafa a kansa ba sai ana jibi biki. Aikin Makka in ya samu ni kaɗai a cikinmu nake da halin zuwa, Girgis addini ya hana shi, Issufu takarda ta hana shi, sai a haɗa ni da wani baƙo. Ban taɓa jin daɗin irin wannan aikin ba, don baƙo ba ka san saurin hannunsa ba.

Daga baya aka sayar da warshar. Sabon mai ita ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, sunansa kawai ke jikin iƙamata a matsayin kafili, wanda ya tsaya mini. A ƙarƙashinsa akwai wakili, a ƙarƙashin wakili akwai mudir, wato manaja, da muke jin muryarsa ta waya, a ƙarƙashin mudir aka ɗora mana muraƙib, mai tsaya wa ma'aikata. Mutumin nan bai taɓa riƙe filaya ba. In ka ce za ka kai ƙara sama sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ma fi ahad foƙi, babu kowa a samana." Ranar da ya fara faɗin haka Girgis ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya yi dariya.

Sai shekarar babban kame ta zo. Aka kafa shingaye a hanyoyi ana duba takardu, motoci suna kwashe mutane zuwa tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Waziriyya, inda Issufu yake haya, ta yi tsit, ɗakuna a buɗe ba masu su. Rabin ma'aikatan Khumra suka ɓace, wasu an kama su, wasu sun ɓuya. Aiki kuwa bai ragu ba, ba a fasa aure don ana kame. Na ce wa Issufu ya miƙa kansa a mayar da shi gida da ƙafafunsa. Ya ce, "Bon, in koma in ce musu me? Yarinyata ta shiga makarantar ungozoma, sai ta gama."

Aikin da ya zo mana a tsakiyar wannan hali na wani zauren biki ne a bayan gari. Tsohuwar najafa ce ta ƙasar waje, ƙwayoyinta manya masu nauyi, irin waɗanda an daina yin su, ba ka samun madadinsu a kasuwa. Za a sauke su, a wanke, a canja ƙusoshi, a mayar kafin bikin ranar Alhamis. Saboda shingaye muraƙib ya ce Issufu ba zai riƙa bin mota yana kai da kawowa ba, a zauren zai riƙa kwana har a gama. Muka sauke, muka wanke, muka mayar da hawan sama da na tsakiya lafiya. Ranar Laraba hawan ƙasa kaɗai ya rage.

Da safen nan aka tsayar da ni a shinge. Iƙamata lafiyarta ƙalau, amma an rubuta direban gida a wurin sana'a, ga shi an gan ni da kayan aiki a mota. Aka karɓi wayata, aka zaunar da ni a gefen hanya tare da wasu, sai mai bin takardun kamfani ya zo ya yi bayani. Bai zo ba sai bayan azahar. Ina zaune rana tana dukana, ba abin da ke raina sai hawan ƙasa da ke jere a kan bargo, da muraƙib da ke kallon agogo.

Abin da ya faru a zauren mai shara ne ya ba ni labari daga baya. Muraƙib ya ce wa Issufu ya hau ya fara. Issufu ya ce ba a yi, sai Hamza ya zo. Ya ƙara da cewa in ba haka ba to kai ka hau ɗaya gefen, ni zan nuna maka. Muraƙib ya ce shi ba lebura ba ne. Suka yi ta ja. A ƙarshe muraƙib ya buɗe ƙofar zauren ya nuna masa titi ya ce, "Yalla, ko sama ko waje." Motar kame tana tsaye a mahaɗar hanya, ana hangenta daga ƙofar.

Issufu ya hau. Ya yi dabara iyakar iyawarsa: ya rataya ɗaya, ya zagaya ta kan katako ya rataya abokiyarta, ya dawo. Amma hakan yana cin lokaci, muraƙib yana ƙasa yana ihu a yi sauri. Sai ya fara rataya bibbiyu kafin ya zagaya, sannan uku-uku. Zoben ya sunkuyo. Gefen da ya ɗaga ya bugi ƙarfen saƙala, ita kuma mai taya ce, ba mai riƙe da ita a ƙasa. Issufu ya san dokar kamar yadda na san ta, in ta karkace a ja baya. Amma hannu ba ya shawara da kai. Ya kama ta.

Da na shigo ana kiran la'asar. Saƙala tana kwance, kiristal ya watsu ko'ina a kan bargo da kafet da marmara, hasken taga yana dukansa, zauren duk ya ɗauki walƙiya. Issufu yana tsakiya a kwance, an lulluɓa masa labule. Muraƙib bai kira motar asibiti ba, don in ta zo 'yan sanda za su biyo ta, a tambaye shi dalilin sa marar takarda aiki. Tun hantsi yake ta buga waya sama yana neman wanda zai ce masa ga abin yi, ba wanda ya ɗauka.

Na durƙusa. Idonsa a buɗe, yana numfashi sama-sama. Ya ce, "Balaraben ƙarya, ka makara."

Na ce, "An tsare ni ne, mutumina. Yi shiru."

Ya ce, "Bon. Na ce masa ba a yi."

Ni da mai shara muka ɗauke shi a kan katakon tebur muka sa a mota. Ina tuƙi ina laƙƙana masa kalmar shahada, yana amsawa, har ya daina amsawa. A asibiti da suka buɗe hannunsa na dama suka sami ƙwaya guda a ciki, ta rabe biyu saboda damƙa. Na faɗa wa 'yan sanda abin da ya faru ba ragi ba ƙari. Aka tafi da muraƙib, daga baya na ji an mayar da shi ƙasarsu. A nan maganar ta tsaya, ba ta hau ko hawa ɗaya sama da shi ba.

Washegari da sassafe mudir ya bugo mini. Ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya ce biki yana nan yau da daddare, a mayar da najafa. Na ce ba ni da abokin hawa. Ban san Girgis yana bayana yana ji ba. Ya karɓi wayar ya ce za a yi, ya kashe.

Mu biyu muka durƙusa a zauren muna tsince ƙwayoyin, daga ƙarƙashin kujeru, daga bakin magudanar ruwa, daga cikin labule. Yawancinsu sun tsira saboda a kan bargo da kafet suka zuba. Waɗanda suka taɓa jini na wanke su da kaina. Muna cikin haka tsohon ya ce a hankali, "Haka Gunusiyya suka ce za a yi a ƙarshe. A tsince su ɗaya bayan ɗaya."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ya mu'allim, bar mini labarin nan yau. Hikimarsu ita ta so ta yi ita kaɗai, Issufu bai so ba, tilasta shi aka yi. Kuma wannan na ƙolin nasu da ke can nesa bayan hawa da hawa, ana mutuwa a ƙasa ba a jin motsinsa, ai mai kamfaninmu ne. Nawa Ubangijin yana cikin zauren nan jiya, ya ga wanda ya buɗe ƙofa ya nuna titi, kuma zai tambaya."

Ya tsinci wata ƙwaya ya ajiye a kan bargo. Sannan ya ce, "Nawa ma, ya ibni."

Ya hau saƙalar da gwiwoyin da suka daɗe da daina hawa, mai shara yana riƙe da tayoyin. Muka koma irin ta farko, ya ce "wahid", in ce "wahid". Muryarsa ba ta Issufu ba ce, saurinsa ba nasa ba ne, duk ɗagowar da zan yi sai na ji kamar an soke ni. Waɗanda suka fashe muka cike gurbinsu da ragowar da ke ma'ajiyar zauren, har muka zo kan ta ƙarshe. Ina riƙe da tawa. Tasa babu, ita ce wadda ta rabe a hannun Issufu, kuma ragowar ta ƙare.

Na ɗaga hannu zan rataya. Girgis ya girgiza kai.

"Ka san doka," ya ce. "In abokiyarta ta ɓata, ita ma sauke ta ake yi."

Muka matsa na kusa da gurbin kaɗan-kaɗan ta kowane gefe har ba mai gane akwai giɓi. Aka kunna wuta, ta haska tsaf, ba ta karkata ko kaɗan ba. An yi biki a daren, an ce ya yi kyau. Mu kuwa sai da takardu suka kammala aka ba mu gawar, muka yi masa salla a bayan wani limami da bai san sunansa ba, muka binne shi a nan Jidda. Ni na kira Damagaram na faɗa wa matarsa. Girgis bai ƙara shekara ba ya koma Masar.

An sha kawo mini sababbin abokan hawa, wasu ma gwanaye ne. Ban ƙara hawa ba. Ba tsoro ba ne, kuma ƙafafuna a lokacin da sauran ƙarfinsu. Shi ya sa kuke samuna a ƙasa da robar ruwa, ni ke jera muku, ni ke riƙe tayoyi, ni ke ihu in ɗayanku ya riga ɗan'uwansa. Ƙwayar nan da kuke gani ɗaure a jikin filayata kuna tambaya ko ado ce, ita ce wadda aka sauke ran nan. Ba ta da tsaga ko ɗaya, in kun ɗaga ta a rana har yanzu tana sheƙi. Abokiyarta ce babu.